Sunan da Na Kira a Malanbil

Tun da na dawo Danchadi ban sha fura da sanyinta ba. Wannan ta shigo aron rariya ta nemi wuri ta zauna, waccan ta zo ɗibar wuta ta bar garwashin ya mutu a kasko, kowa da tambayarta: "Inna Kulu, yaya hanya? Inna Kulu, wane irin tuwo gare su can?" Na san ba hanya ce ta dame su ba, ba kuma tuwo ba. Abu guda suke son ji, za su kuma ji shi, amma sai an zo wurinsa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na kira Malama Saratu mai koyarwa a firamarenmu ta rubuta sau ɗaya, mai son ji ta nemi mai karanta mata. Ni ban taɓa zama a aji ba. Ta ce za ta daidaita Hausata don mutanen gabas su gane. Na ce ta daidaita tawa, amma maganar da aka yi baki da baki ta bar ta yadda ta fito.

Da ruwa zan fara, don shi ya fitar da ni daga gida.

Rijiyar burtsatse da wani mai neman ƙuri'a ya haƙa a unguwarmu, mai tanki a sama da farantan hasken rana, ta yi mana aiki har muka manta da guga. Tsofaffin rijiyoyinmu suka rufta ba wanda ya kula. Masu ginin rijiya kuwa, dattawansu sun mutu, 'ya'yansu suna kabu-kabu a Sakkwato. Rannan famfo ya yi tari ya ɗauke. Aka ɗauko wani daga Bodinga, ya ce injin da ke can ƙasan rami ne ya ƙone, wanda suke ce wa sumo, shi kuma bai iya naɗa masa sabuwar waya ba. Aka kai Sakkwato. Gwanin da aka kwatanta mana, injinan mutane jibge a shagonsa kamar kabewa a rumbu, ya ce a dawo bayan salla. Aka koma bayan salla, aka ce ya tafi Aljeriya. Wanda ya bari a shagon ya taɓa iyakar iyawarsa, aka kawo aka zura, kafin kasuwa ta zagayo ya sake ƙonewa.

Muka koma tafki. Da damina, jikata Ramatu, wadda ta fara tafiya tana kama gefen turmi, amai da zawo suka ɗauke ta tsakanin asuba da la'asar. Ba ita kaɗai ba ce a unguwar. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Ina da ɗa namiji, na fari. Mutanen garinmu sun san shi, sun kuma san ba za su ji sunansa a nan ba. Wanda zai karanta daga nesa ya sani, mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ita yake ce wa Inna har ta rasu, ni kuwa Adda, kamar wata yayarsa. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma har yanzu ban ga aibin kunya ba.

Shekarun baya ya bi motar albasa zuwa Malanbil, a ƙasar Benin, tare da baffansa Labbo, ƙanen mijina marigayi, wanda ke fataucin albasa ta wannan hanya. Labbo ya dawo, shi bai dawo ba. Ya ga wani mutumin kudu yana farke injin ruwa yana naɗa masa waya, ya tsaya kallo, kallon ya zama zama. Da kakar nan Labbo ya kawo labari biyu. Na farko, maigidan nasa zai yaye shi, yana neman iyaye su zo. Na biyu, akwai wani Alhaji da ke jiran a gama bikin ya wuce da shi Abuja. Maigari ya aika masa ya dawo gida, liman ya aika, amsarsa ɗaya ce: "To."

Na ce da ni za a tafi.

"Ke?" in ji Labbo. "Matar Yaya, ke da ko Jega ba ki taɓa zuwa ba? In kin je mi za ki ce mashi, ke da ba ki yi mashi magana?"

"Kai za ka hwaɗa mashi. Ni in zamna in ga ka hwaɗa daidai, don na san bakinka."

Na ɗaure buhun albasa ƙarami na gaisuwar maigida, da garin fura da ƙuli-ƙuli don cikina. Babur ya kai mu Bodinga, muka shiga mota mai zuwa Jega.

Ba mu yi nisa ba. A Shagari, daidai bakin kasuwa, motar ta yi wani ƙara ta tsaya. Direba ya leƙa cikinta, ya tafi garejin da ya sani, ya dawo shi kaɗai. Makanikin ya koma Legas tun bara, waɗanda suka rage faci kawai suka iya, sai dai a jira wani ya zo daga Tambuwal. Muka zauna gindin dogon yaro tun hantsi har aka kira azahar.

Kusa da ni wata mata ce 'yar Horo Birni tana jiran mota, rungume da wani abu a cikin zanen goyo. Na ɗauka jinjiri ne. Na ce mata, ba da wasa ba, ta buɗe masa fuska, zafin ya yi yawa. Ta yi dariya ta yaye zanen. Kan keken ɗinki ne.

"Ai jinjirin ke nan, Inna. Shi ka ciyar da marayuna. Tun kahin salla shina cije zare. Tsohon da ka zagayo ƙauyuka shina gyara, idonai ya tahi, ba kuwa wanda ya koya wurinai. An ce akwai wani Jega."

"In kin ishe shi," na ce.

"In na ishe shi."

Ta mayar da zanen ta lulluɓe shi, tana jijjiga shi a cinya ba ta ma sani ba. Labbo yana ɓare gyaɗa ya ce, "Ƙasar ga kowa na rungume da abin da ya lalace, mai gyara kaɗai anka rasa." Labbo ya cika surutu, amma wannan na riƙe ta. Da aka gyara motar matar ta shiga muka tafi tare, a Jega na ga ta sauka tana tambayar mutane hanya. Ban san ko ta dace ba.

A Kamba muka kwana, gidan wani abokin cinikin Labbo. Matansa Dandawa ne, Hausarsu a karye amma hannunsu a sake: tuwon shinkafa da miyar kifi, mai ya yi yawa, gishiri ya yi kaɗan. Sauron garin kuwa ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. Da safe muka gangara Dolekaina, bakin kogin Kwara.

Ni abin da na sani da suna ruwa shi ne fadama da tafki. Da na ga Kwara na tsaya cik. Abin da ya zo mini ba tsoro ba ne, baƙin ciki ne: ga ruwa yana wucewa dare da rana ba mai tsare shi, mu kuma muna tace na tafki da gefen mayafi. Aka loda mu a kwalekwale mai inji, mu da babura biyu da awaki da wata mata mai kwandon kaji. Na zauna a kan buhuna ina salati a zuci, ban yarda Labbo ya ga leɓena yana motsi ba. Wurin sauka a Lolo laka ta kama ƙafata, na zaro ƙafar, takalmin ya ce shi ya iso gida. Masu jirgi suka lalube, babu.

"Kwara ta amshi kuɗin hito," in ji Labbo. "Za a ce matar Yaya ta shiga ƙasar Faransa da takalmi guda."

Na cire ɗayan na riƙe a hannu. Gara a ce ba ni da takalmi da a ce ina ɗingishi.

Gaba kaɗan da Lolo iyaka take. Ba katanga ba ce kamar yadda na zata, igiya ce da gangar ƙarfe da wata rumfa. Wani jandarma matashi, ɗan sandan ƙasar, ya juya katina na shaida gaba da baya, ya kalli ƙafata, ya yi wa Labbo magana.

"Shina tambaya wurin wa za ki."

"Hwaɗa mashi."

"Ya ce ke za ki hwaɗi da bakinki. Sunan wanda za ki wurinai."

Na ce wurin ɗana za ni, na tsaya a nan. Ashe jandarman yana jin Hausa. Ya ce, "Hajiya, kin ce ɗanki ne, kuma ba ki san sunansa ba?" Ya sa aka sauke buhuna aka kwance, albasa ta gangara cikin yashi. Masu babur suka taru suna kallo. Ina tsaye ba takalmi har wani babbansu mai furfura ya fito daga rumfar ya tambayi abin da ake ciki. Ya dube ni ya ce, "Na fari ne?" Na ɗaga kai. Ya karɓi katin daga hannun yaronsa ya miƙo mini, ya sa aka tsince albasar.

"Ni ma na fari ne," in ji shi. "Har tsohuwata ta rasu ban ji yadda sunana yake a bakinta ba."

Ba da dariya ya faɗa ba. Na yi masa godiya muka wuce.

Malanbil gari ne na kasuwa. Albasa tuli-tuli har ka ce duk fadamun Sakkwato can suke juyewa, kuma rabin masu ɗaga buhunan da Hausa suke zagin juna. A zango muka sauka, gidan Hajiya Dije, mutuniyar Gwadabawa da aure ya kai ta can tun tana yarinya. Ita ta ba ni silifa. Ita ta fara ɗora mini abincinsu: wani burodi dogo kamar sandar kiwo, mai taurin baya, da ya fasa mini dasashi; da wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, ana ci da kifi da barkono zalla. Na ɗanɗana don kada a ce na raina, na koma ga furata. Matan garin su suke tuƙa babur da kansu, goyo a baya, kwando a gaba, ba mai waiwayensu. Da rana ta take kuma sai a rufe shaguna kowa ya je ya kwanta, kamar azumi ake. Mutanen kudunsu in sun haɗu sai su haɗa kumatu, namiji da mace. Wannan na kau da kai.

Bayan la'asar ɗan nawa ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ni kuma na juya gefe ina fuskantar bango, kamar yadda ya kamata.

"Adda, kun zo lahiya?"

"Lahiya. Labbo, ka ce mashi gari babu ruwa."

"Ya ji," in ji Labbo. "Ai ga shi nan gabanki, kunnenai biyu."

"Ka ce mashi ɗiyar ƙanwatai ta rasu."

"Na ji, Baffa," in ji shi, kansa a ƙasa. "Allah shi jiƙan ta."

Ta gefen ido na ga hannuwansa a kan gwiwa. Sun yi faɗi irin na ubansa, duk tabon yanka, farcen baƙi. Ya jira ko akwai saura. Ni a ganina na gama magana: na ce babu ruwa, na ce an yi mutuwa, mai hankali me kuma yake jira? Ya yi sallama ya tashi.

Hajiya Dije tana tsince shinkafa a gefe. Sai da ya fita ta ce, "Kulu, bari in gaya maki abin da ba a aike ni ba. Yaron nan duk zamansa a garin nan a ƙofata yake cin tuwo. Ya taɓa ce mini, 'Hajiya, maigari famfo shika kira, liman famfo shika kira. Gobe in sun samu wani mai gyara, ba mai tuna ni. Da wadda ta haihe ni ta taɓa cewa in zo, ko babu famfo da na tahi.'"

"Ai da ƙahwata na zo."

"Kin zo, kika ba shi ƙeya."

Na ce mata ta tsince shinkafarta.

Washegari aka kai ni gaida maigidansa. Sunansa Kojo, amma masu koyo Fatiron suke ce masa, wato maigida. Gajere ne, mai tumbi, Kirista, da tabarau ɗaure da zare. Ya karɓi albasata da hannu biyu, ya sansana, ya ce ta Sakkwato ce. Shagonsa rumfar kwano ce mai tsawo, masu koyo a jere kan benci cikin shuɗin kaya iri ɗaya, har da 'yan mata, kowa da injin da aka farke a gabansa yana zura jar waya siririya kamar mai saƙa. Ba mai hira. Hajiya Dije ta ce a can in ka kai ɗanka koyo, a gaban shaidu ake ƙulla magana, ba ya barin wurin sai an yaye shi. Wanda ya gudu, babu shagon da zai karɓe shi, babu mai ba shi aiki.

Na zauna ina kallo ina lissafin namu. Mu sana'o'in da muka gada kowace da gidanta. Ƙira tana da Maƙera, jima tana da Majema, ɗan gidan da ya ƙi koya abin kunya ne ga ubansa. Amma inji ba shi da gida a wurinmu. Ya shigo gonakinmu da rijiyoyinmu da ɗakunan matanmu, bai zama gadon kowa ba. Yaro ya je gareji, da ya iya ɗaure noti sai ya ga babur ya fi kawo na cefane yau-yau, ya gudu. Wanda ya daure ya iya kuwa, birni ya fi mu bakin kira.

Bakin kiran ma a shagon na same shi. Alhajin ne, dattijo mai farar shadda, mutumin wajen Zariya, ya gaishe ni da ladabi har ƙasa. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuma na duba.

"Hajiya, kina ganin daɗi ne yake kawo ni nan? Gidaje nake ginawa a Abuja. Mai shimfiɗa mini tayil ɗan Togo ne, mai silin ɗan Kwatano ne. Na nema a gida har na gaji. Duk lokacin da Kojo zai yi yaye sai na zo. Bana na sami ɗan ƙasata, Musulmi, mai hannu irin wannan, ki ce in bar shi? Zan ba shi ɗaki da abin hawa. Duk wata za ki ji saƙo a waya."

"Ana aiko ruwa ta waya, Alhaji?"

Ya yi murmushi. "Ba a aikowa. Amma ƙauye ba ya riƙe gwani, Hajiya. In ban ɗauke shi ba wani zai ɗauka."

"Shi mi ya ce?"

"Ya ce in bari a gama biki."

Bikin ranar Asabar aka yi, a filin gaban shagon, da rumfuna da kujerun roba da kiɗa mai fasa kunne. Su huɗu za a yaye, sun yi anko. Iyaye suka jera kayan sallamar maigida: turamen atamfa, tukwane, akuya, kwalabe. Namu Labbo ya riga ya shirya, kuma Kojo da kansa ya ce a kawo lemo a madadin giya, tunda mu Musulmi ne. Na ga wannan, na riƙe masa.

Ga yadda suke yi. Mai koyo ya durƙusa a gaban maigida. Maigida ya tashi ya zayyana laifuffukansa tun daga ranar da ya zo, a gaban kowa, ana dariya. Sannan ya ɗauko wani katako mai faɗin ludayi ya zabga masa a tafin hannu, dukan ƙarshe, wanda daga shi ba mai sake dukansa a kan aiki. Sai ya wanke masa hannuwan da ruwa a ƙwarya, ya sa masa albarka. Daga nan maigida ba ya miƙa wa yaro jakar kayan aiki. Uwa ko uba yake miƙa wa. Wanda ya karɓa shi zai tsaya a tsakiyar fili ya kira sunan ɗan da ƙarfi, ɗan ya amsa, ya faɗa masa abin da zai faɗa, ya ɗora masa jakar. In ba a kira an amsa ba, ba a yi yaye ba.

Uwar na farko, wata ƙatuwar mata, ta kira sunan ɗanta tana rawa, ta rungume shi, gardi mai gemu, ta goge masa fuska da bakin zaninta. Na ce a raina, Allah ya sawwaƙe. Amma na ga fuskar ɗan.

Namu ne na ƙarshe. Hajiya Dije tana fassara mini a kunne. Kojo ya ce wannan da ya zo ko sunan sukudireba bai sani ba. Ya taɓa ƙona injin wani mai lambu ya ɓoye a bayan shago. Ya taɓa barin aiki a buɗe ya tafi salla akuya ta tauna waya. Aka yi dariya. Sai ya ce amma yau in aka kawo inji, shi Kojo ba ya dubawa bayan wannan ya duba. Katakon ya sauka a tafinsa, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Bai motsa ba. Aka wanke hannuwan.

Tun a gida an shirya Labbo ne zai karɓi jakar, baffa uba ne, Kojo ya yarda. Labbo ya gyara hula ya yunƙura. Na ga Alhaji a kujerar gaba yana juya makullin mota a yatsa. Na ga wanda ke durƙushe ya juya fuskarsa wajen baffansa, bai ko kalli inda nake ba, don bai taɓa samun komai daga wannan gefen ba. Maganar jandarma mai furfura ta dawo mini.

"Zamna, Labbo."

"Matar Yaya?"

"Na ce ka zamna."

Jakar ta fi yadda na zata nauyi. Na tsaya a tsakiyar fili cikin silifan aro, aka kashe kiɗa. Na buɗe baki na faɗi sunan. Abin da ya fito ko ni da ƙyar na ji shi, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Kojo ya kama kunnensa ya girgiza kai, jama'a suka yi dariya, su a wurinsu wasa ne. Na ja numfashi na kira shi yadda ake kiran mutum daga wancan gefen fadama.

Bai amsa ba. Ya waiwaya bayansa. Ya dubi Labbo, ya dubi Hajiya Dije, yana neman wadda ta kira shi, ga ni tsaye a gabansa da jaka a hannu. Bai san muryar da sunan a haɗe ba. Sai da Labbo ya ce masa a hankali, "Kai, uwarka ta," sannan ya ɗago. Na dube shi ido cikin ido. Ashe yana da tabo a gira, ban san yaushe ya same shi ba.

"Na'am," in ji shi.

"Ni nika kiran ka. Ba maigari ba, ba liman ba. Ka taho gida."

Na ɗora masa jakar. Ban rungume shi ba, kada wata ta ƙara wannan a labarin. Na koma kujerata na ja mayafi. 

Alhaji ya zo ya yi mini sallama. "Kin ci wannan, Hajiya. Amma lambata tana wurinsa."

Dawowa ba ta da labari. Ɗan nawa ya zauna gaban mota da jakarsa a cinya, ni a baya. A Dolekaina ya riƙe mini hannu na sauka daga jirgi. Da muka iso bai kwana biyu ba ya sa aka zaro injin, ya shimfiɗa tabarma a zauren ubansa ya farke shi, ya zauna yana zura jar waya. Ranar da aka mayar, muna tsaye da bokitai, famfon ya yi tari irin na ranar da ya mutu, ya tofar da laka, sannan ruwa ya zo. Uwar Ramatu ce ta fara tarawa. Ba ta yi guɗa ba, ba wanda ya yi.

Yanzu kullum kafin rana ta ɗaga babura sun jeru a ƙofar gidanmu, daga Mandera, daga Horo Birni, daga cikin Shagari, kowa da injin ban ruwa ɗaure a baya, ga dashen albasa yana jiran ruwa. Shi kuma mutum ɗaya ne. Ya kafa benci a zaure irin na Kojo, ya ce a kawo masa masu koyo, da sharaɗin sai an yaye su. Har yau bencin kaji ne ke hawa. Iyaye sun ce shekarun sun yi yawa, kabu-kabu ya fi sauri. Wayarsa kuma tana ƙara, wani lokaci ya fita bayan gida ya amsa, na kuma san ko wane ne.

To ku masu zuwa aron rariya, kun ji abin da kuke son ji. Gaskiya ne, na kira. Ku yi ta dariya a bakin famfo, ruwan da kuke dariyar a kansa kun san inda ya fito. Amma mai ɗa a gida yana zaman banza, ta san inda bencin yake, tun mai koyarwar yana nan.

Malama Saratu ta tambaye ni ko ta rubuta sunan a nan ƙarshe, tunda an riga an faɗa. Na ce a'a. Tun da muka dawo ban sake kiransa ba, ta bakin Labbo muke magana kamar da. Ina ajiye da shi. Ranar da na ga ya ɗaure jakar nan ya nufi tasha, zan fito ƙofar gida, a gaban maigari da liman da ku duka, in sake kira.